Rasuwar Bebiya, Mai Riƙon Asiri

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Mai Gwajin Jini ta asibitin bakin titi take sanar da rasuwar Bebiya, 'yar na'urar ajiyar kuɗin intanet, wadda ta cika ranar Talata bayan jinyar da ba wanda ya lura da ita.

Marigayiyar ba ta kai kwalin ashana girma ba. Shekara biyu ta yi a aljihun farar riga, kuma iyakar maganarta a duniya "ƙit, ƙit" in an danna ta, sai "tit" in saƙo ya tafi. Aikinta guda ne. Ƙanin uwar ɗakinta Mai Gwajin Jini, wani mai tsaron siton magani, ya ba da shaida a kotu kan masu jabun magani, daga nan ya shiga ɓuya. Bebiya ce ke kai masa kuɗin haya da na abinci, ta cusa su cikin na dubban mutane yadda ba mai gane mai aikawa, balle mai karɓa. Ko mahaifiyarsu ba ta san garin da yake ba.

Ciwon ajali ya shigo ne wata uku da suka wuce. Wani ɗan mitsitsin kuɗi ya faɗo asusun daga inda ba a sani ba, abin da ko allura ba zai saya ba. Uwar ɗakin nata kuwa mace ce da ba ta barin ƙanzo a tukunya. Ta ce a ranta ai ƙaninta ya fi kowa buƙata, ta haɗa shi da na wata ta tura. Ashe alama ce aka saka. Masu jabun suka bi ɗigon kuɗin nan tiryan-tiryan har shagon da ƙanin yake canzawa, suka zauna jira.

An tarar da ɗakinsa a buɗe, ruwan buta ya ƙone ƙurmus, takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Har yau shiru.

Bebiya ba ta ci amana ba, wannan uwar ɗakinta ta shaida. Hannun ita uwar ɗakin ne ya danna, kuma abin yana cin ta safe da yamma. Jini take gwadawa ta rasa na wa ke hannunta.

Marigayiyar ta bar wayar caji guda, da takardar kalmomin sirri ashirin da huɗu masu buɗe asusun, da tsohuwa mai tambaya kullum ko auta ya samu saƙonsa.

Za a yi jana'iza gobe a shagon mai walda, da guduma. Takardar za a ƙona ta, ɓaraguzan kuma a raba su kwandon shara uku. Babu zaman makoki, domin akwai wata mota da ta kwana biyu a ƙofar gida. Ana roƙon 'yan uwa da abokan arziki kada kowa ya kira don ta'aziyya. Uwar ɗakin ta fi son layin ya zauna a buɗe, ko ƙaninta zai kira.