Hayaƙi a Aljihun Kaftani

Akwai wata Laraba da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Lokacin ina karatu a wata babbar makaranta a Dutse, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, hukumar makaranta ta hana shan taba a harabarta. Ɗalibai suka rabu: wasu suka ce da ma an gaji da wari a ɗakin kwana, wasu suka ce mu ba 'yan firamare ba ne. Ni kuwa na fi kowa zaƙewa, har aka sa ni a kwamitin kama masu laifi. (Kara uku nake sha a rana, ba wanda ya sani.)

Ranar, bayan azahar na laɓe a bayan ɗakin karatu na kunna taba. Zuƙa biyu na yi, sai ga malaminmu na Larabci da buta a hannu. Aminin mahaifina ne tun suna yara a Ringim, kuma mahaifina limami ne. In labarin nan ya isa gida, na san karatuna ya ƙare. Don ruɗewa na cusa ta a aljihu da wutarta, na tsuguna.

Malam ba ya gajerar gaisuwa. Ya tambayi Liman, ya tambayi ciwon ƙafar Liman, ya tambayi gonar fadama da yadda tumatir ya yi bana. Ina ta "lafiya lau, Allah gafarta Malam", cinyata tana gasuwa. Da ya iso kan yayyena, hayaƙi ya fara tasowa ta gefen kaftanina. Na shiga fifita da hannu wai ƙuda nake kora.

Ya miƙo mini butar, ko muryarsa bai sauya ba.

"Zuba a aljihun tukuna. To, yaya Hajiya?"

Na zuba, ruwan ya bi wando. Na ce mahaifiyata tana lafiya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na roƙe shi kada ya faɗa a gida. Ya ce shi ba ya kai gulma, ni zan faɗa da bakina ranar Asabar, shi kuma Lahadi zai je duba ƙafar Liman.

Na faɗa. Liman bai cire ni daga makaranta ba, amma wata biyu in na gaishe shi, sai dai ya ɗaga mini hannu.

Tun daga nan, kowace doka aka kafa, sai na fara laluba aljihuna kafin in shiga kwamiti.