Yadda Za Ka Canza Kalmar Sirri Duk Wata Ba Tare Da Ran Mzee Ya Ɓaci Ba

Ɗan'uwa, ja kujera ka sha shayi, ba sauri muke ba. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari: kalmar sirrin kamfaninku za ta riƙa canza kanta duk kwana talatin, mai bincike za ta ga koren haske, kai kuma ka samu takardar tabbatar da aiki. Ni Kiplimo na gwada a kamfanin tara madara na Mzee Tarus, wato Dattijo Tarus, nan Eldoret. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, kod ma, wato rubutun umarnin kwamfuta, a shagon intanet na tsince shi. Wata biyar ina aikin gwaji, Mzee ya ce babu takarda sai bincike ya wuce lafiya.

1. Nemo inda kalmar take

Sunayen manomanmu ɗari huɗu, da hanyar da kowace mota za ta bi ta kwaso madararsu, duk suna cikin gajimare. Kada sunan ya ruɗe ka, kwamfutar wani ce muke haya a wata ƙasa. Kalma ɗaya ke buɗe rumbun bayanan. Na same ta a ƙarƙashin madannin sakatariya, da bangon ɗakin shayi, da zauren hirar direbobi a waya. Lelmet ce, sunan saniyar Mzee mai farin kai, sai shekarar da aka haife ta.

Abin lura: sirrin da mutum talatin suka sani ya fi aminci, don ba zai taɓa ɓacewa ba.

2. Bari mai bincike ta gama magana

Tamu Madam Nekesa ce, daga babbar masana'antar da ke sayen madararmu.

"Baba, yaushe rabon ku canza kalmar nan?"

Mzee ya ce, "Canzawa? Wani laifi ta yi?"

"Sati biyu na ba ku. Ina so ta riƙa canza kanta, ba hannun kowa. In ba haka ba, mu nemi madara wani wuri."

Mzee ya waiwayo. "Ɗana, ka iya abin da ta faɗa?"

Ce ka iya. Mai aikin gwaji ya iya komai.

3. Kwafo kod ɗin wani

Kada ka wahalar da kanka, wani bawan Allah ya riga ya rubuta ya bari a intanet, layi goma sha biyu. Aikinsa mai sauƙi ne. Akwai akwatin ajiyar sirri, akwai kuma ɗan aike na kod. Duk kwana talatin ɗan aiken zai ƙirƙiro sabuwar kalma, ya sa wa ƙofar rumbu, ya ajiye kwafi a akwati. Manhajar da ke son shiga, ta je akwati ta tambaya.

A ƙasan shafin akwai dogon gargaɗi da Turanci. Tsallake shi. Da yana da muhimmanci, da a sama suka sa.

4. Zaɓi Juma'a, ƙarfe huɗu

Lokacin motoci sun fita kwasar madarar yamma, ofis ya yi tsit, ba mai damunka. Danna.

A nan za ka san abin da gargaɗin ya ce: canjin farko ba ya jiran kwana talatin, nan take yake yi. Za ka kuma san cewa manhajarku ba ta taɓa jin labarin akwati ba. Wanda ya riƙe aikin kafin kai ya dasa Lelmet a cikinta wuri goma sha ɗaya, ya koma Nairobi, ya canza lamba.

5. Ɗaga waya da ladabi

Barasa ne zai fara kira, babban direbanmu.

"Kai ɗan kwamfuta! Ina tsaye a mararraba da lita dubu biyu, wayar nan ta ce ba ta san ni ba. Ni! Shekara tara ina jan motar nan!"

"Yi haƙuri Yaya Barasa, tsaro ne."

"Tsaron wa? Sauran manoma na can bakin hanya da garewani, ban san wa zan fara ɗauka ba. In madarar nan ta yi tsami, wallahi kai za ka shanye ta, ina tsaye a kanka."

Kada ka yi musu. Mutumin da ke zaune kan lita dubu biyu a rana ba darasi yake nema ba.

6. Nuna wa Mzee sabuwar kalmar

Harafi talatin da biyu ce, manya da ƙanana, da wasu alamu da ban san sunansu ba. Mzee ya sa tabarau, ya ɗaga yatsansa ɗaya da yake bugawa da shi, ya daɗe yana kallo.

"Wannan kalma ce, ko kaza ce ta bi ta kan madannin?"

"Haka ake so, Baba, don kada kowa ya iya haddacewa."

"Har ni?"

"Har kai, Baba."

Ya cire tabarau a hankali. "Da keke ɗaya da garwa biyu na kafa wurin nan. Yau na'ura ce za ta ba ni izinin shiga? Dawo min da saniyata. Madam kuma ta ga koren haskenta. In ɗaya ya faɗi, takardarka ta faɗi."

Na dawo da Lelmet, motoci suka motsa. Lita arba'in kawai ta yi tsami. Barasa ya cika alkawari, ya kawo min gora guda.

7. Koya wa ɗan aiken kiwo

Nan gwanintar take, ka natsu. Buɗe kod ɗin, nemo wurin da ake ƙirƙirar sabuwar kalma, goge shi. A madadinsa ba ɗan aiken suna biyu: Lelmet, da 'yar'uwarta Tuimet mai baƙin kai, kowacce da shekarar haihuwarta. Wannan watan fara, wata mai zuwa baƙa. Sai ka koma wuraren nan goma sha ɗaya ka gaya wa manhaja: gwada fara, in ƙofa ta ƙi, gwada baƙa. Direbobi ma haka ka rubuta musu a zaure.

Daɗin abin, allon bincike yana rubuta "an canza" ne kawai. Ba ya faɗin zuwa me. Na'ura ce mai kunya.

8. Ranar bincike, ajiye mandazi, fanken garinmu, kusa

Madam Nekesa ta duba allo. Kore shar.

"Madalla. Sabuwar kalmar tana da ƙarfi dai?"

Mzee ya ce, "Ƙarfi? Ba ta taɓa ko zazzaɓi ba!"

Yi tari. Tura mata farantin mandazi. Za ta yi dariya ta ce tsohon nan akwai barkwanci, ta sa hannu.

Da za ta tafi, Mzee ya ba ta kyautar yogot ɗin kamfani kwalba biyu, fari da mai cakulan. Kowace kwalba da hoton saniyarta, da sunanta, da shekarar haihuwarta, don Mzee na alfahari da su. Ni na riƙe mata jaka har mota. Ta tafi da sirrinmu duka biyu, da sanyinsu.

9. Karɓi takarda da hannu biyu

Tawa ta zo ranar Litinin, da muƙami: Jami'in Tsaron Bayanai. Wannan karon na karanta har ƙasa. Layin ƙarshe ya ce duk ɓarnar da ta shigo ta ƙofar kalmar sirri, a wuyan mai muƙamin take, shi kaɗai.

Na sa hannu. Innata ta riga ta sanar a coci.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan aka kwashe masa rumbu, ko madara ta yi masa tsami, ko direba ya ɗura masa gora, ni ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, babu ruwana. Sai fa a kamfaninmu, inda takarda ta ce da ruwana. Abin da nake roƙo, ku taya ni addu'a: Lelmet na da ciki. In ta sauka lafiya, kalmominmu sun zama uku.