Ranar da Injiniya Sharfaddeen Ya Share Maimaici

Duk faɗin Daura babu wanda Allah ya hore wa sanin kwamfuta kamar Injiniya Sharfaddeen. Maganar nan ba ta da shakka, domin daga bakinsa muka ji ta. Tabaransa biyu ne, ɗaya na karatu, ɗaya na tunani. A katinsa an rubuta Ɗanmasanin Manhaja, sarautar da shi ya naɗa kansa, shi ya fara kai wa kansa gaisuwa.

Yana aiki a cibiyar jarrabawa ta Alhaji Maiturare da ke hanyar Kongolam. A can akwai babbar kwamfuta guda ɗaya, da wata manhaja da ke raba ta ta zama kamar kwamfuta arba'in, kowane ɗalibi da tasa. Manhajar kyauta ce. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban suke rubuta ta, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya kawo gyara. Shekara huɗu Malama Haulatu tana kula da ita. Shi kuwa Injiniya yana kula da kujerar da ke kusa da na'urar sanyaya ɗaki.

Wata Talata ya leƙa cikin manhajar, sai ya yi babban gano. Ɓangaren da ke adana bayanai ashe kwafi ne na wani sanannen kundin umarnin kwamfuta, kuma ainihin kundin yana nan cikin kwamfutar. Abu ɗaya, wuri biyu.

Ya tara ma'aikata, har da mai gadi. Ya ce, "Dubban masana sun wuce ta kan wannan ƙazanta ba su gani ba. Sai da ɗan Daura ya zo."

Nan take ya rubuta wa masu manhajar cewa su goge kwafin, su koma ga na asali. Wata mata daga cikinsu ta amsa cikin ladabi. Ta ce sun san da maimaicin, su ma yana damunsu, don idan aka toshe ɓaraka a na asali, sau da yawa akan manta da kwafin. Amma cikin shekara tara an yi wa kwafin ƙananan gyare-gyare da na asali ba shi da su. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, an gwada. Ko zai taimaka da gwajin?

Injiniya ya sa tabaran tunani, ya gano hassada ce.

Haulatu ta ce, "Injiniya, mu fara gwadawa a tsohuwar kwamfutar nan. Ranar Asabar muna da masu jarrabawa."

Ya ce, "Malama Haulatu, mai shakka shi ke gwaji. Ni sani nake da shi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya goge kwafin daga babbar kwamfutar da hannunsa mai albarka. Allo arba'in suka kawo haske lafiya lau. Ya tsaya a gabansu aka ɗauke shi hoto.

Da safiyar Asabar ɗalibai suka cika zauren. Wasu daga Sandamu, wasu tun asuba suka baro Baure. Jarrabawar neman gurbin karatun jinya ce, sau ɗaya ake yin ta a shekara. Awa biyu suna fama. Da suka gama, Alhaji ya buɗe babbar kwamfutar don ya ga amsoshi, ya tarar da sunaye arba'in, ƙarƙashin kowanne fili fetal. Ɗaya daga cikin gyare-gyaren da Injiniya ya share shi ne ke tabbatar da amsa ta zauna bayan an rubuta ta.

Wata ɗaliba mai suna Lami ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Karo na uku ke nan da take zuwa.

Injiniya bai girgiza ba. Ya bayyana wa Alhaji cewa zafin Daura ne ya yi wa fasahar yawa.

Ita kuwa Haulatu ta riga ta yi shiri. Tun ranar Alhamis ta ajiye manhajar yadda take a wani faifai. Ta mayar da ita, Alhaji ya yi ta waya yana roƙon masu shirya jarrabawar har aka yarda a sake jarrabawar bayan azahar. Lami ta rubuta tata ido a kumbure.

Daga baya Haulatu ta shirya rahoton abin da ya faru don masu manhajar su amfana. Injiniya ya ce ba a aika takarda ƙasar waje da sunan ƙaramar ma'aikaciya, ya cire nata ya sa nasa. Suka yi godiya ƙwarai, suka buɗe sabon shafi na gargaɗi ga masu gaggawar goge abin da ba su fahimta ba, da cikakken sunansa a matsayin misali.

Ya buga shafin, ya sa masa gilashi, ya rataye a ofis. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa. Har yau bai karanta abin da ke ƙasan sunan ba.