Rasuwar Teburin Kafinta a Hannun Ɗansa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, tsoho Kafinta na sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar teburinsa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara arba'in da ɗaya, a ɗakin da aka haife shi. Gara ba ta taɓa shi ba, tsufa bai kama shi ba. Ɗan gida ne ya kashe shi.

Kafinta ya ƙera marigayin tun hannunsa bai fara rawa ba. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katako ne ya shiga cikin katako ya zauna. Ya ɗauki inji, ya ɗauki buhu, ya ɗauki yara huɗu lokaci guda, bai taɓa kuka ba. Iyakar maganarsa a duniya ita ce "ƙiii" ɗin durowa idan damina ta kumbura ta.

Bara ɗan Kafinta, wanda ke kiran kansa marubuci, ya dawo gida da mata da kwamfuta. Ya ce ya daina zuwa ofis, daga ɗaki zai riƙa yi wa mutane rubutu. Kafinta bai taɓa ganin sana'ar da ake yi da gajeren wando ba. Amma Tsohuwa, uwar yaron, ta dame shi da "Malam, ɗanka ne fa," har ya kwashe kayan aikinsa ya ba shi ɗakin da teburin. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar da ya ɓata wani abu a ciki, makulli ya dawo.

Ciwon ajali ya fara ne da karatu. Marubuci ya karanta cewa mai aiki a gida sai tebur ya daidaita da gwiwar hannunsa, in ba haka ba baya ya yi ciwo. Ya gwada, ya ga tebur ya fi shi da yatsa uku. Akwai matashin ɗorawa a kujera a gidan. Akwai ubansa a ƙofar gida, taku goma tsakaninsu. Sai ya ɗauko zarto.

Ya kifa marigayin, ya auna, ya ga ƙafar baya ta hagu ta fi 'yan'uwanta tsawo. Ya kira matarsa mai ɗinki yana dariya: "Zo ki ga aikin Baba! Shekara arba'in ba wanda ya lura." Daɓen ɗakin nan yana da kwari ta wajen taga. Kafinta ya san da shi, don shi ya ƙara wa ƙafar tsawo. Marubuci ya yanke duka huɗun daidai wa daida, ya tayar da tebur, sai ga shi yana ƙwas-ƙwas. Ya sake kifawa, ya sake yanka. Matar ta ce, "Don Allah ka kira Baba." Ya ce saura kaɗan. A yanka na shida tebur ya dawo iya gwiwa, bai kuma daina ɗingishi ba. Ya hau kansa ya danna da dukan nauyinsa wai ya zauna. Marigayin ya ce "ɓas", bai ƙara ba.

Da Kafinta ya shigo, abin da ya ji shi ne, "Baba, ka ƙera mini wani, akwai aikin da ake jira ran Juma'a." Tsoho ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna masa yadda suke rawa. Sannan ya miƙa na dama ya karɓi makulli.

Marigayin ya bar kujera ɗaya, wadda yanzu ta fi shi tsawo. Ya bar durowa, da guntayen ƙafa goma sha tara, Kafinta ya ƙirga su. Ya bar marubuci guda, yana aiki a kan katakon guga a bakin kicin, bayansa kuma bai daina ciwo ba. Ɗakin ya koma hannun suruka da keken ɗinkinta, tunda ita ta san abin da ake yi da tef ɗin awo.

Ga masu irin wannan sana'a, Kafinta na da magana uku. In tebur ya yi maka tsawo, ka ɗaga kujera. In ya yi rawa, ka dubi ƙasa kafin ka zargi ƙafa. In akwai wanda ya fi ka sani a gidanku, ka bar waya ka taka ka tambaye shi.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma, lokacin da titi ya cika. Marubuci ne zai ɗauki gawa a ka, shi kaɗai, ya bi ta doguwar hanya, ta gaban masu shaguna, zuwa gidan burodi, inda za a sa ta a wuta. Duk wanda ya tambaye shi me ya faru, ya tsaya ya ba shi amsa. Ana karɓar ta'aziyya a ƙofar gida, a tsaye, kuma a taƙaita.

Kafinta ba zai bi gawa ba. Ƙafarsa lafiya lau. Ba ya so ne a gan shi a titi da wanda ya ɗauko ta.