Ta'aziyyar Malam Hifakus

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Sadiya a Ɓaɓura ba. Lokacin ana ta kai-komo kan ko za a ba ni ita, don akwai wani ɗan kasuwa mai shiga Nijar da shi ma yake nemanta, ni kuwa malamin sakandare ne a Roni, abin da na mallaka babur ne da baki.

Na durƙusa a zaure gumi na bin bayana. Alhaji da abokansa uku suna hirar damina, har wani ya ambaci taurarin nan, kaza da 'ya'yanta. Da ina da hankali da na ci gaba da kallon tabarma. Amma tsoro nake kada a ce yaron ba ya da komai a ka, sai na ji bakina yana cewa ai Malam Hifakus ne ya jera taurari daraja-daraja gwargwadon haskensu, har Turawa suka sa wa wani rami a jikin wata sunansa. (Wani masanin taurari ne mutumin ƙasar Girka da na taɓa gani a littafi; kalmar "Malam" ni na ƙara, don in nuna ladabi.)

Alhaji ya gyara zama ya tambaya ko a wurinsa na yi karatu. Wa ya isa ya ce wa suruki a'a a zaman farko? Na ce kusan haka ne. Ya tambaya ko yana da rai, na ce ya rasu.

Nan take ya ɗaga hannu, sauran suka bi. Aka yi wa mutumin Girka addu'a mai tsawo, aka roƙa wa iyalansa haƙuri, ni ma na shafa. Ina fita na ce shi ke nan, ta wuce.

Ba ta wuce ba. Bayan kwana biyu Sadiya ta kira ni tana murna, wai Baba ya ce duk wanda ke tuna malaminsa haka zai riƙe amana, kuma ranar Asabar in zo in raka su ta'aziyya. Sau nawa na ɗauki waya in faɗi gaskiya, sai in tuna ɗan kasuwar nan in ajiye.

Asabar na tarar da mota a ƙofar gida, an ɗaura buhun gero a bayanta na marayun Malam. Yaya Kabiru, wan Sadiya da ke koyarwa a Kazaure, shi zai tuƙa. Ya tambayi garin da muka nufa, na sunkuya ina gyara igiyar buhun. Ya tambayi sunan mamacin, Alhaji ya faɗa. Yaya Kabiru ya dube ni, sannan ya juya wajen Alhaji.

"Baba," ya ce a hankali, "ai wannan ya rasu tun kafin a haifi Annabi Isa."

Na so ƙasa ta tsage. Alhaji bai yi faɗa ba, ya dai sa aka sauke buhun, sannan ya ce da ni, "Yarinya mun ba ka, don na ga kana da kunya. Amma ranar ɗaurin aure kada ka yi magana."

Ban yi ba kuwa. Tun daga nan kuma ba na ambaton mamaci a gaban surukai sai wanda na san hanyar gidansu.