Ranar da Na Kai wa Sarkin Ruwa Kifinsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ko na so in manta, 'yan matan garin nan ba za su bar ni ba.

Mu mutanen Agadas ne. Shekarar da raƙuman Baba suka mutu a hanyar gishiri, ya ce ya gaji da rairayi. Ya kwaso mu, ni da Inna da ƙanena Habu mai shekara biyar da jaririyarmu Binta, muka biyo ayari har wani ƙauye a gefen Kirikasamma, ƙasar Haɗeja. Abu ɗaya Baba yake nema: Bulama, mai garin, ya yanka masa gonar shinkafa a fadama kafin ruwa ya sauko. In babu gona sai mu sake ɗaura kaya, Inna kuwa ta rantse ba ta ƙara hawa jaki da goyo. Bulama ya ce zai duba halinmu tukuna. Don haka kullum da safe Baba sai ya tsare ni da ido (ni kaɗai, kamar Habu waliyyi ne) ya ce in kama kaina.

Na kama, wallahi. Amma akwai Falmata, 'yar Sarkin Ruwa, yarinya mai baki kamar reza. Tun da ta gan ni ina wanke fuska da ruwa cikin ludayi ɗaya ta sa mini suna 'Yar Rairayi. Wannan na shanye. Wanda ban shanye ba shi ne ranar da ta ce a gaban kowa, mu ne baƙin da ake kai wa tuwo kullum amma ba a taɓa ganin kalar akushinsu ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi zafi. Abin da muke da shi bai wuce ɗan gero a tukunya ba. Na koma gida ina huci kamar kububuwa.

Washegari na ja Habu muka tafi neman itace, sai muka faɗa kan wani tafki a bayan gari. Rani ya shanye shi saura ruwa iya gwiwa, kifi kuwa ya fi ruwan yawa. Tarwaɗa kan tarwaɗa, suna hawa juna kamar mata a bakin rijiya. Ba kowa a wurin. A gefe an kafa wata doguwar sanda, an ɗaura mata ganyen kaba a kai.

To, a ƙasarmu, in ka ga an kafa alama a bakin ruwa, ma'anarta ɗaya ce: matafiyi, ga ruwa, bismilla. Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai kirki, amma akwai lalaci. Abinci yana iyo a bayan gidansu suna can suna gulmar akushin wasu.

Na tattare zane na shiga da kwando. (Kada wanda ya ce muku tarwaɗa ba ta da makami. Tana da ƙaya, kuma ta san inda babban yatsa yake.) Na fito da taɓo har gira, amma kwando ya cika. Habu ya tuge sandar nan ya mayar da ita doki, muka kamo hanya.

Inna ta tambaya ko kifin yana da mai shi. Na ce mai shi Allah. Ita kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa dafa kifi ba, sai ta yi masa yadda take yi wa fara: ta ɗauraye, ta zuba a tukunya ɗungurungum, da hanji da komai, ta ƙara gishiri da yawa, don shi kaɗai ne arzikin da muka zo da shi. Muka cika akushi huɗu. Na ce babban ni zan kai da kaina, kuma na san gidan da za shi.

Na shiga gidan Sarkin Ruwa da sallama mai ƙarfi, kai a sama, don Falmata ta ji. Yana zaune a tsakar gida yana ɗinkin koma, ragarsa ta kamun kifi, matarsa tana tankaɗe. Na durƙusa na ce ga shi in ji Inna, ba yawa. Matar ta buɗe, ta yi shiru. Falmata ta leƙo, ita ma ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Na ɗauka girman kyautar ne ya kashe musu baki.

Sarkin Ruwa ya ce, "'Yar nan, wa ya sayar muku da kifi?"

Na ce, "Saye kuma, Baba? Ni na kamo da hannuna. Akwai wani tafki can baya, kun bar shi a banza. In kuna so gobe sai in nuna muku."

Ni, 'yar wata biyu a gari, zan nuna wa Sarkin Ruwa tafki.

Daidai nan Habu ya shigo a guje bisa dokinsa, ganyen kaba yana jan ƙasa, yana cewa a ba shi hanya.

Ashe sandar nan ta Sarkin Ruwa ce. In ya kafa ta, tafki ya rufu, ba mai taɓa ko ƙwaya ɗaya sai ranar su, wato ranar kamun kifi da gari duka ke shiga tare don kowane gida ya samu rabonsa. Ɗan yaye ma ya san haka a garin. Sai mu. Kuma duk cikin masu bakin nan, da suka san yawan ludayin da nake wanke fuska da shi, ba wanda ya ga ya dace ya gaya mana. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kafin la'asar muna ƙofar Bulama: Baba a durƙushe, ni a bayansa da busasshen taɓo a kunne, akushi da sanda a tsakiya kamar gawa biyu. Gari ya taru har da awaki. Wasu suka ce a sallame mu, baƙon da ya fara da tafki gobe rumbu zai shiga. Baba bai yi musu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rashin sani ne. A wurinmu alama kira ce, ba hani ba. Amma 'yata ce, laifinta nawa ne." A nan ne kunya ta gaske ta kama ni, don ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa ba.

Bulama ya juya ga Sarkin Ruwa, ya ce ruwa nasa ne, shi zai faɗa. Tsohon ya jawo akushin, ya gutsuri kifin ya kai baki. Fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar salka. Ya daɗe yana neman inda zai tofar.

Ya ce, "Bulama, ɓarawo ba ya kawo wa mai kaya kayansa da sallama. Kuma wanda ya dafa kifi haka, na shaida bai taɓa ganin kifi ba. Satar na yafe. Girkin ne ban yafe ba."

Aka kwashe da dariya, ban da ni da Baba.

An ba mu gona. Amma ba ta kusa da gari da Bulama ya fara nunawa ba, wata ce can ƙarshen fadama, inda tsuntsayen jan-baki duk na ƙasar Haɗeja suke taron suna. Baba ya ce tunda ni na zaɓo mana ita, ni zan tsare ta. Daga fitowar rana har faɗuwarta ina kan rumfa ina kaɗa gwangwani ina ihu, har muryata ta koma ta kwaɗo. Habu, da ya tuge sandar da hannunsa, an ce yaro ne.

Abin da na koya a kan rumfar nan shi ne, in ka sauka garin mutane ka ga arziki a yashe ba mai taɓawa, kada ka yi saurin cewa wawaye ne. Wawan yana nan tafe da kwando.