Kuka Ɗaya, Gyatsa Ɗaya

Shekarar da fari ya sauka a Dajin Kurmin Dinya, ciyawa ta zama sai mai hanya. Nonon Jaka ya ƙafe, jaririnta yana tsotsa yana faɗuwa.

Akwai rumbun tsimi a fada, amma al'ada ta ce ba a buɗe shi sai mai shela ya sanar da yunwa kwana uku a jere. Hankaka ne mai shela, ya kuwa fara.

Washegari Gyado, Ministan Rumbu, ya miƙe a majalisa yana huci.

"Ranka ya daɗe, wannan tsuntsu ɗan adawa ne! Kullum wane ya rame, wance ta suma. Mu da muka ƙoshi ba 'yan daji ba ne? Ina adalci?"

Hankaka ya ce, "Yallaɓai, abin da ido ya gani na faɗa."

"To idon naka ma ɗan adawa ne."

Zaki ya yi hamma, ya yanke hukunci: duk kukan yunwa da za a yi shelarsa, sai an haɗa shi da gyatsar ƙoshi ɗaya. In sun zo daidai, babu yunwa, saɓanin ra'ayi ne kawai. Gyado ya dafa ƙirji ya ce domin talakawa shi zai ɗauki nauyin gyatsar. Aka yi tafi.

Jaka ta kawo ɗanta gindin tsamiyar shela.

"Malam Hankaka, dubi haƙarƙarinsa. Ƙirga ka faɗa."

"Yi haƙuri, uwar yaro, sai mun ji ɗaya ɓangaren."

Gyado ya shiga rumbu, ya fito yana lasar baki, ya saki gyatsa har ganye ya motsa. Aka ce an yi kunnen doki.

Masu kuka suka ƙaru, aikin Minista ya ƙaru. Wanda aka ba ajiyar tuwo, ai ba a tambayarsa ina ya samo ƙiba. Ran nan gyatsa ta ƙi fitowa, ya yi ta yunƙuri har kwana uku. Dole aka buɗe rumbu. Ƙaiƙayi ne a ciki, sai ƙwari.

Jaka ba ta jira jawabi ba. Ta tura ɗanta gaba da hanci ta nufi ƙetaren rafi, sauran iyaye suka bi ta.

Hankaka ya sha gabanta. "Uwar yaro, ko kina da abin cewa?"

"Matsa, ka tare mini hanya."

Da gari ya waye babu kuka, babu gyatsa. Zaki ya kasa kunne, ya gyaɗa kai, ya ce yau kam labarai sun yi adalci.